Gwanda cikin turmi: abin da munka ci, munka gani a wata rumfar abinci a Bankok

Da yawa cikinku sun ji cewa kafin azumin da ya wuce haɗakar ƙungiyoyinmu ta tura mu ƙasar Tailan sarin kayan salla: takalman yara, jakunkuna da tufafi. Mu uku munka tafi: Hajiyar da ta daɗe tana bin wannan hanya da nata jari, da ma'ajin haɗaka, da shugabar da ke rubuta muku wannan. Dokarmu ce ta sa haka. Yadda akwatin asusu ba ya buɗuwa da makulli guda, haka munka ce kuɗin mata ba za su ƙetare teku a hannun mutum guda ba. Lissafin kaya mun riga mun karanta shi gaban taro. Yau labarin wani cin abincin rana za mu ba ku, don tun da munka dawo shi ne ya fi tayar da gardama a zamanmu na mako.

Kwana biyu da gari da kilishi

Daga Yamai jirgi ya kai mu Adis Ababa, daga can wani ya kwana da mu a sama har Bankok, babban birnin ƙasar. Agogonsu ya riga namu da awa 6. Munka sauka a Paratunam, unguwar ƴan sarin tufafi, inda ƴan kasuwar Afirka ke yawan zuwa.

Abinci kuwa ko'ina shi ne: bakin hanya, ƙarƙashin gada, ƙofar kowane shago. Amma mu ko kallonsa ba mu so mu yi. Yawancin mutanen ƙasar addinin Buda suke bi, naman alade kuma yana cikin girkinsu na kullum. Kwana biyu cur garin rogo da ƙuli-ƙuli da kilishin da munka ɗauro cikin jaka su ne abincinmu. Ma'aji har daɗi take ji, don kuɗin abincin da anka ware mana ko dala ba a taɓa ba.

Rana ta uku ƙafafu sunka fara rawa cikin kasuwa. Hajiya ta ce, "Ku ji ni hwa, mai jin yunwa ba ta iya ciniki. Farashin farko da anka faɗa mata shi za ta karɓa don ta koma ta kwanta." Sai ta kira wani yaro ɗan ƙasarmu da ke aikin tura kaya a can, wanda ya ji harshen ƙasar.

Shi ya kwantar mana da hankali. Ya ce, "Inna, akwai Musulmi a nan, wajen biyar cikin ɗari na mutanen ƙasar, sun fi yawa a kudu, kusa da Malesiya." Ya nuna mana alamar halal da majalisar Musulunci ta ƙasar ke bayarwa, kalmar da harufan Larabci cikin zane mai kusurwa huɗu, ya ce ƙananan rumfuna kuma sukan rataya wata da tauraro. Munka yi azahar a masallacin Darul Aman da ke wani lungu na titin Pecaburi, ba nisa da kasuwa, sannan ya ja mu zuwa rumfar da shi kansa yake cin abinci.

Rumfar

Wadda ta zaci za ta ga babban gidan cin abinci, to ta rage zato. Ɗaki ne buɗaɗɗe da ƴar rumfa gabansa, teburan ƙarfe shida, kujerun roba, fanka guda tana juyi. A bakin ƙofa gawayi ne da kaji bisa waya, wani dattijo yana juya su. Gefe guda akwatin gilashi: ɗanyar gwanda an fere an yi mata yankan taliya, tumatir, lemun tsami, ɗanyen wake dogo. Bayan akwatin wata mata sa'armu, da hijabinta, tana daka.

Dakan nan ne ya fara kama mu. Turmin ƙasa ne gasasshe, bai fi tukunyar miya girma ba, taɓaryar icce gajera a hannun dama, cokali a hagu. Tana bugawa a hankali tana juyawa da cokali. Su kansu suna kwaikwayon ƙarar da cewa "pok-pok". Ma'aji ta tsaya ta ce, "Ashe har nan ma mace ba ta rabu da turmi ba."

Yaronmu ya ce abincin rumfar na yankin Isan ne. Munka ce ina ne Isan?

Mutanen tudu masu ci-rani

Isan shi ne arewa maso gabashin Tailan, jihohi 20, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar suke. Kogin Mekong ya raba su da ƙasar Lawos, harshensu da abincinsu kusan guda ne da na Lawos ɗin. Tudu ne mai ƙasar rairayi, wani wuri ma da gishiri cikinta. Damina guda gare su, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, wata shekara fari, wata shekara ambaliya. Shi ne yankin da ya fi talauci a ƙasar. Idan an gama girbi, maza da mata sukan gangaro Bankok neman aiki: gini, tuƙin takisi, masaƙu, aikatau. Da munka ji haka munka dubi juna. Wannan ai ci-rani ne, ba sai an fassara mana ba.

Masu ci-ranin nan su sunka kawo abincinsu birni. Da farko a bakin wuraren gini da tashoshi ake sayar da shi ga ƴan'uwansu, mutanen birni suna yi masa kallon abincin leburori. Yau babu unguwar da ba a dakan gwandar nan, ma'aikatan banki da ƴan makaranta suna layi, har ƙasashen waje an buɗe gidajen sayar da shi.

Akwai kuma abin da ya haɗa mu da su ba mu sani ba. Shinkafar Tailan da ke shigo mana muna ganin buhunanta a kasuwanninmu. Mai ƙamshin nan tasu da ta yi suna a duniya, wadda suke kira Hom Mali, mafi yawanta a gonakin Isan ake noma ta. Manoma da yawa ita suke sayarwa, su ajiye wata iri mai danƙo don ci a gida. Har fara suna soyawa su ci yadda muke yi.

Abin da anka ajiye gabanmu

Na farko ita ce shinkafar mai danƙo, kaw niyaw. Ana jiƙa ta ta kwana, a turara ta cikin kwandon gora bisa tukunya, kamar yadda muke turara dambu. Kowa da ɗan kwandonsa mai marfi. Da hannu ake ci: ki gutsura, ki dunƙula, ki dangwala. Nan take munka saki jiki, don loma ce irin tamu.

Na biyu gwandar, sunanta som tam. A gabanmu ta jefa tafarnuwa da tonka cikin turmi, ta ƙara ɗanyen wake, tumatir, ruwan lemun tsami, ruwan kifi mai gishiri da suke kira nam pla, da sukari mai kama da mazarƙwaila wanda ake samu daga kwakwa ko daga wani icce dangin giginya. Sannan gwanda, sannan soyayyar gujiya da busassun jatan lande. Ba ta dake shi ya yi laushi ba, bugun da zai sa ruwan ya shiga jikin gwandar kawai ta yi. Tsami, zaƙi, gishiri da yaji duk a loma guda. In kuna son kwatance, kwaɗo ne, sai dai babu ƙuli-ƙuli.

Wannan irin na birni ne. Na asalin ƙauye ana zuba masa pla ra, kifin da aka tsima da gishiri da dusar shinkafa cikin tulu wata shida ko fiye. Da matar ta buɗe marfin don mu gani, Hajiya ta ja da baya. Yaronmu ya yi dariya ya ce, "Hajiya, in da ita za ta shiga ɗakin da ake daddawar batso, haka za ta yi." Gaskiyarsa. Dubara ce guda: abin da ya samu lokacin wadata a tsima shi, ya ba miya ɗanɗano lokacin rani.

Na uku gasasshiyar kaza, kai yang, da aka jiƙa da tafarnuwa, masoro da saiwar wani ganye mai ƙamshi, ga ɗan romon tsamiya da dakakken tonka na dangwalawa. Na huɗu lab: naman sa yankakke ƙanana, an dafa shi sama-sama da ɗan ruwa, an haɗa da lemun tsami, albasa, na'a-na'a, tonka, da garin shinkafar da aka soya ba mai har ta yi ja aka daka. Garin nan shi ke ba shi ƙamshi da ɗan gardi. Gefe kuma faranti na ɗanyen shu da wake da ganye, wannan kyauta ne.

Tonka nawa?

Kafin ta fara daka, matar ta ɗaga ido ta yi tambaya. Yaronmu ya ce tana tambayar tonka guda nawa za ta sa. A wurinsu ƙidaya ake yi: wani ya ce ɗaya, wani uku, wani goma. Tonkan ƙanana ne kamar tsiduhu, sunansu a harshensu ma yana nufin kashin kusu.

Ya koya mana mu ce "mai pet". Ma'aji ta ƙi. Ta ce ita ba ta son mai yaji sosai. Da ƙyar ya fahimtar da ita cewa "mai" a bakinsu "babu" ce, "pet" kuma yaji. Abin da a Hausa ke nufin akwai, a can yana nufin babu.

Ita kuwa shugaba, da taƙamar ita ƴar Maraɗi ce da aka yaye da tugande, ta ɗaga yatsu biyar. Ba za mu ɓoye muku ba, loma ta uku hawaye da majina sunka haɗu. Ta shanye kofi biyu na ruwan ƙanƙara, wuta ta ƙaru. Matar ta taso da murmushi ta tura mata kwandon shinkafa da ganyen shu. Ruwa ba ya wanke abin da ke sa tonka zafi, yaɗa shi yake yi cikin baki. Shinkafa, madara ko abu mai maiƙo su ke rage shi.

Dattijon mai gasa kaji, wanda ashe mijinta ne, mutumin kudu, ya kawo mana ɗan ɗanɗano na garinsu, nama soyayye da kurkur da tonka, ba romo, ana ce masa kuwa kiling. Ya ce a Tailan kowane yanki da girkinsa, kuma na kudu ya fi na kowa zafi. Kan yatsa kawai munka taɓa, munka yarda.

Abu guda yaronmu ya gargaɗe mu a kansa, muna kuma isar muku. A ƙauyukan Isan akwai masu cin ɗanyen kifin kogi da ɗanyen nama da lemun tsami. Ɗanyen kifin yana ɗauke da wata tsutsa da ke shiga hanta, shi ya sa yankin na cikin wuraren da cutar dajin bututun matsarmama ta fi yawa a duniya. Tsami da yaji ba sa kashe ta, wuta ke kashe ta. Duk abin da munka ci na nama dafaffe ne.

Hira da mai rumfa

Da layi ya ragu munka roƙi yaronmu ya yi mana tafinta. Ta ce ƴar ƙauye ce daga Isan, tana budurwa ta zo birni aikin ɗinki a masaƙa. Aure ya haɗa ta da Musulmi ta musulunta. Sana'ar abinci da kwanduna biyu ta fara, rataye a sanda bisa kafaɗa, turmi a ɗaya, gwanda a ɗaya. Daga nan amalanke, daga amalanke wannan ɗaki.

Munka ce jari fa? Ta ce adashi, su suna ce masa sha. Nasu ya ɗan bambanta da namu: kowane zagaye, wadda ke son kwasa takan faɗi ribar da za ta ɗora, wadda ta fi ɗorawa ita ke ɗauka. Saboda yawan gudu da kuɗin mutane, gwamnatinsu ta yi masa doka a 1991, ta hana mutum guda ya riƙe adashi fiye da uku ko mutane fiye da 30. Shekarar nan ce kuwa Mata Masu Dubara ta fara a Maraɗi.

Ma'aji, da yake idonta na kan asara, ta tambaye ta abin da take yi da ragowar abinci in kasuwa ta ƙi. Matar ta nuna akwatin gilashin. Gwanda ɗanya ce, ba a haɗa ta sai mai saye ya zauna. Lab ma sai an nema ake ɗora shi, minti kaɗan ya nuna. Kaji ƴan kaɗan ake ɗorawa, in sun ƙare a ƙara. Shinkafa kawai ake turarawa tun safe, ita ma kwando-kwando. Abin da bai saidu ba bai taɓa wuta ba, gobe yana nan. Kuma kayan haɗi guda ne ke zagaya duk girkin: lemun tsami, tonka, ruwan kifi, tafarnuwa, garin shinkafa. Bashi kuwa ba ta bayarwa. Farashi na rubuce a bango, mai ci ya biya da kuɗi ko da salula kafin ya tashi.

Mu huɗu munka biya bat 480, wajen jika takwas da ƴan kai, jika biyu ke nan kowa. Ma'aji ta rubuta a littafi tana tsaki, amma washegari ita ta fara cewa a koma.

Gardamar da munka tarar a gida

Abin da ya sa munka daɗe kan wannan labari shi ne, cikin rancen da ke makara a ƙungiyoyinmu, na masu sayar da abinci ba kaɗan ba ne. Kun san yadda abin yake. A ɗora babbar tukunya tun safe, rana ta yi rabi ya rage, yara su ci, maƙwabta su ɗauka bashi, sauran ya lalace da zafi. Ranar zubi a zo da haƙuri.

Mako biyu bayan dawowarmu, wata ƴar ƙungiyarmu ta nemi rancen jika ɗari da hamsin don ta buɗe rumfa kusa da tasha: shinkafa da miya, taliya, tuwo, wake, kaza, salati. Munka ba taro labarin matar Bankok, munka kawo shawara ta fara da abu uku da kayansu ke haɗuwa: dambu, kwaɗon zogala, da ɗan nama, kwaɗon kuma a haɗa shi gaban mai saye, a tambaye shi yajin da yake so.

Ba kowa ya yarda ba. Wata dattijuwarmu ta ce, "Ɗiyata, kun je kun ga garin masu albashi, wuta ba ta ɗaukewa, ƙanƙara kamar ƙasa. Nan mai zuwa tasha dala ashirin gare shi, cika ciki yake nema. Wa zai biya kuɗi ya ci abin da matarsa ke yi masa a gida?" Maganarta da nauyi, ba mu musa ba. Ɗanyen ganye ba ya jure zafin watan Afrilu yadda gwanda ke jurewa cikin ƙanƙara, ruwan wanke-wanke ma saye ake yi. Wata kuma ta tuna mana cewa a Yamai dambu da kopto sana'a ce da mata ke ci da ita, har ma'aikata suna aika a sayo musu. Ita mai neman rancen ranta bai so ba. Ta ce, "Yaya, ni rumfa nike so a ce ta Hajiya ce, ku kuna mayar da ni mai tallan zogala."

Wannan kalma tata ita ce ta fi tsaya mana. Kunyar abincin gida ce ke sa mace ta ɗauki rance mai nauyi don ta dafa abin da ake ganin na birni ne, alhali a nan ne riba ta fi ƙanƙanta, don shinkafa da mai da taliya duk sayensu ake yi da tsada. Zogala kuwa tana bayan ɗaki, ƙuli-ƙuli ƴar ƙungiyarmu ce ke yinsa.

Bayan zama biyu taro ya yanke: jika sittin, wata uku, abu uku, da sharaɗin ta riƙa rubuta abin da ta saya da abin da ya rage kowace yamma. In ta biya kan lokaci, ƙofa a buɗe take ta nemi ƙari. Zuwa ranar da muke wannan rubutu ta kawo biyan farko cikakke. Tana ƙorafin cewa haɗa wa kowa nasa yana ja mata layi da tsakar rana, wasu direbobi ba sa iya jira, su wuce wurin mai shinkafa. Ta ɗauko ƙanwarta tana taya ta. Littafin kuma wata rana ta rubuta, wata rana ta manta. Sauran wata biyu, za mu sanar da ku yadda ta kaya, ko da daɗi ko ba daɗi.

Kafin nan, muna roƙon kowace ƙungiya da ke da masu sayar da abinci ta ware ɗan lokaci a zaman mako ta yi musu tambayoyin da ma'ajinmu ta yi a Bankok: nawa ke ragewa a tukunya in rana ta faɗi, ina yake zuwa, kuma mutum nawa ne sunka ci ba su biya ba? Ƴan'uwanmu na Damagaram, Tawa da Yamai, ku aiko mana da abin da kunka samu ta hannun shugabanninku, mu buga a fitowa ta gaba.

Wadda kuma ke son gwada gwandar a gida, ga yadda munka yi da munka dawo: ɗanyar gwanda mai tauri, a fere, a wanke ƙaron, a yanka siri-siri. A daka tafarnuwa biyu da tonka, a sa tumatir, lemun tsami, ɗan sukari, gishiri da ɗan garin busasshen kifi a madadin ruwan kifinsu, a zuba gwanda a buga sama-sama, a watsa soyayyar gujiya. Tonka ku fara da guda ɗaya. Shugaba ta ce a gaya muku ita yanzu biyu take sawa.

Allah ya sa albarka cikin asusunmu, ya ba mu ikon biyan abin da munka ranta. Sai mun ji daga gare ku.